Ƙusar Akodiyan a Kunnen Amarya

Duk shekara idan sanyi ya shigo aka kunna hita mai ɗumama ɗaki a gidajen Bronx da ke New York, akwai wani huci da ƙarfen yake yi kafin ya ɗau zafi, siririn huci kamar mutum yana fitar da numfashi ta tsakanin haƙora. Mutane suna ƙorafi a kansa, wai yana hana su sakewa. Ni kuwa da na ji shi sai kunnena na hagu ya fara ƙaiƙayi, in tsinci kaina ina dariya ni kaɗai. Bari in gaya muku dalili, ko da yake labarin ba ya ƙara mini mutunci ko kaɗan.

Shekarata goma sha ɗaya a lokacin, kuma shekararmu ta biyu ke nan a Highbridge, a hawa na biyar na wani dogon gida da ke kan tudu. Unguwa ce ta hawa da gangara, in ka sauka daga bas da kaya a hannu sai ka tsaya sau biyu kafin ka kai ƙofa. Mama tana aikin jinya a asibiti, Baba yana tuƙin bas, ni kuma ina makaranta, ina fama da Turancin da ya ƙi zama daidai a bakina. A wannan shekarar ce aka kawo mana Baba Tsoho, mahaifin Mama, don a yi masa aikin ido. Yanar ido ce ta rufe masa idanun duka biyu. An yi wa ɗaya aiki, ɗayan aka ce sai bayan sabuwar shekara, saboda haka yana ganin mutum amma ba ya ganin ƙananan abubuwa.

Ɗan maƙera ne shi, a gindin wuta ya tashi. Da ya girma sai ya zama mai bishara, ya yi shekara da shekaru yana yawo ƙauye ƙauye a kan keke, da akodiyan ɗaure a bayansa. In ba ku taɓa ganin akodiyan a kusa ba, akwati biyu ne na katako, ɗaya a hannun dama ɗaya a hagu, a tsakaninsu kuma akwai wani abu mai ninki ninki da ake ja ana matsawa, shi ke ba da iska. Baba Tsoho bai taɓa kiran wannan tsakiyar da wani suna ba sai zugazugi, irin na maƙera. Abin da ke riƙe zugazugin da katakon wasu 'yan ƙusoshi ne sirara, fararen ƙarfe, kowace da kai mulmulalle kamar ƙwayar dawa, an jera su a gefe gefe. Ran da zai taho, an yi an yi ya bari a sa akodiyan ɗin cikin kaya ya ƙi, da shi a hannu ya shiga jirgi.

New York ba ta karɓe shi ba, shi ma bai karɓe ta ba. Mutumin da a gida ba ya kaiwa bakin kasuwa sai ya gaisa da mutum hamsin, ga shi nan yana yi wa mutane sannu a cikin lifta suna kallon sama. Da safe kowa ya watse, a bar shi a kujerar bakin taga da bargo a gwiwa. In na dawo makaranta a nan nake samun sa, shayin da aka haɗa masa ya huce. Ni kaɗai nake iya sa shi dariya, kun dai san wasan kaka da jika. Amarya yake ce mini, ni kuma in ce masa ango, in ce ni ba na son miji mai haƙora huɗu. Amma da dariyar ta wuce sai ya koma ga maganarsa ta kullum, cewa ana gama ido na biyu zai koma gida. Mama ba ta son jin wannan magana. Kakata ta rasu shekara guda kafin nan, 'yan'uwan Mama duk sun watsu a birane, in ya koma babu mai ko dafa masa ruwan zafi.

Ana haka sai faston 'yar majami'armu ya zo gaishe shi. Mu masu jin Hausa muna taruwa ne da yammacin Lahadi a ɗakin ƙasa na wani coci a Morris Heights, ba mu fi mu cika benci shida ba. Fasto ya hango akwatin akodiyan a lungu, ya tambaya, aka gaya masa. Sai ya ce, "Baba, ai ba za ka zauna da wannan a ɗaki muna waƙa da tafi kawai ba. Ranar Kirsimeti kai za ka ja mu."

Ku zo ku ga tsoho! Washegari da na dawo makaranta, tun daga hawa na uku nake jin sauti. Ya aske gemu, ya sa 'yar shararsa mai kyau, ya ture bargon gefe. Kullum da la'asar sai ya yi awa guda yana bi ta kan waƙoƙin, yana buga ƙafa, har matar da ke ƙasanmu ta fara buga silin ɗinta da sandar mofa. Na ji Mama a kicin tana ce wa Baba a hankali, "In dai ya sami abin yi, zai zauna. Ka taya ni addu'a abin nan ya yi kyau."

To, a nan ne ni uwar iyayi na shigo da nawa. Na yar da 'yan kunnena a makaranta, karo na uku ke nan. Mama ta ce ta gaji, ba za a sake saya mini wasu ba sai na koyi riƙe abu. Don kada hudar ta toshe, sai ta yi abin da kowace uwa take yi a garinmu: ta jawo tsintsiyar da ta taho da ita daga gida, ta karyo tsinke biyu, ta shafa musu mai, ta zura mini a kunne. A gida wannan ba komai ba ne, rabin 'yan matan ajinmu da tsinke suke yawo. Amma a Bronx? Wayyo ni! Ban kai ga zama ba wata ta tambaye ni ko ciyawa ce ta tsiro mini. Kafin tashi an sa mini suna. Kwana uku ina tafiya da hular sanyi a ja har wuya, malama tana cewa in cire ina cewa kaina ke ciwo.

A rana ta huɗu Baba Tsoho ya gama kiɗansa ya shiga wanka, ya bar akodiyan ɗin a kan kujera. Rana ta shigo ta taga ta faɗa kan ƙusoshin nan, suka yi wal. Na tsaya ina kallo. Allah ya sani ban yi niyyar ɓarna ba, ni dai na ga 'yan kunne ne an jera su har goma sha biyu, babu mai sawa. Na ce a raina, in an cire biyu wa zai sani? Na ɗauko abin yanke farce, na juya akodiyan ɗin, na zaro biyu daga can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Da safe a matakalar makaranta na zare tsinkayen, na tura ƙusoshin. Sun fi hudar kauri, na ga taurari, amma na cije. Na yanko robar goge fensir na tokare su ta baya. Ranar har wadda ta sa mini suna sai da ta ce sun yi kyau, ni kuwa ina ta juya wuya kamar wata sarauniya.

Da na dawo gida ban ji sauti daga hawa na uku ba. Sai da na buɗe ƙofa na ji shi, ya fito a shaƙe. Baba Tsoho yana ja, waƙar ta taso, kafin ta kai ƙarshen layi ta mutu, sai huci ya biyo baya. Ya ƙara ƙarfi, gumi ya keto masa a cikin wannan sanyi. Ya yi ta yi har hannunsa ya fara rawa, sannan ya sauke akodiyan ɗin a cinya.

Abin da har yau yake ci mini rai shi ne bai ko juya akodiyan ɗin ya shafa ba. Mutumin da ya san ƙarfe tun yana rarrafe, wanda da ya bi gefen da yatsa sau ɗaya zai gane. Amma ya riga ya yanke wa kansa hukunci tun kafin abin ya faru. Ya kwana biyu yana gwadawa, a rana ta uku ya mayar da shi akwati ya rufe. Muna cin tuwo ya ce wa Mama, "Ki gaya wa fasto ya nemi wani. Hannun ne ya tafi. Na san za a zo nan, ban dai zaci yanzu ba ne." Sannan ya juya ga Baba ya ce ya fara duba masa maganar tikiti, ido ɗayan ma ya ishe shi ganin hanya. Mama ta ajiye lomar da ke hannunta ta tashi ta shiga ɗaki.

Na so in mayar da su a ɓoye, wallahi na so. Amma a ranar ne na taɓa kunnena na dama a cikin bas na ji wayam, ɗaya ta faɗi, ban san inda ba. Na hagun kuma ya kumbura ya yi jawur, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Na zare wadda ta rage da ƙyar na ɓoye ta cikin safa, na koma ga hulata. Mama tana aikin yini a makon, ba ta lura ba. Kwana shida ina ɗauke da wannan abu. In na ce zan faɗa sai in tuna hannun Mama, in na ce zan yi shiru sai in ga Baba Tsoho ya koma kujerar taga da bargonsa. Ko amarya ya daina ce mini.

Ranar Asabar, saura kwana uku Kirsimeti, na leƙa ɗakinsa da hantsi na same shi yana ninke rigunansa yana jerawa a jaka, a hankali, yana shafa kowace. Babu wanda ya ce masa tafiyar ta zo, shi dai yana shiri. Ban san lokacin da na ciro ƙusar daga safa ba. Na kama hannunsa na buɗe, na ajiye masa ita a tafi, na fashe da kuka.

Ya murza ta tsakanin yatsu. Ya kai ta kusa da idon da aka yi wa aiki. Ya ce, "Wannan daga ina?"

Na faɗa masa duka, da tsinken, da sunan da aka sa mini, da wadda ta ɓata a bas. Ina jira ya ɗaga murya. Sai ya ce, "Biyu kika cire? Daga ƙasa?"

Na ce e.

"Ashe ba hannuna ba ne?"

Na ce ba shi ba ne.

"Amarya, ki faɗa mini gaskiya. Ba hannuna ba ne?"

Sau uku yana tambaya. Sannan ya saki wata dariya da ban taɓa jin irinta a gidan nan ba, yana dukan cinya, haƙoran nan huɗu duk a waje, hawaye yana bin kumatunsa. Dariyar ce ta fito da Mama da Baba. Mama ta fizge hulata, ta ga kunnen, ta ji bayani, ta yi kaina. Baba Tsoho ya miƙa hannu ya tare. Ya ce, "A'a, dakata. Amarya ta ɗauki kayan mijinta ta yi ado, ke ina ruwanki? Tsakaninmu ne. Je ki wanke mata kunne." Mama ta tsaya da hannu a sama, ta rasa ko ta yi faɗa ko ta yi dariya. Ta dai wanke kunnen, kuma ba ta tausaya mini wajen wankin ba.

Saura ƙusa ɗaya. Baba, da yake mutum ne mai son a gama abu yanzu yanzu, ya ɗauko akwatin kayan aikinsa ya zaɓo ƙusar kafinta da guduma. Baba Tsoho ya shafa ta ya ce, "Ɗana, mayar. In ka buga wannan katakon zai tsage, daga nan sai dai a hura wuta da shi. Ba a buga ta, turawa ake yi. In ta yi kauri ta fasa, in ta yi siriri iska ta bi gefenta." Baba ya ce to a nemi shagon masu kayan kiɗa a Manhattan ranar Litinin. Tsohon ya ce shi ba zai kai zugazuginsa wurin wanda bai san shi ba, a ba shi takalmansa.

A ƙasan gidanmu akwai shagon wani mutumin Nijar, Alhaji muke ce masa, yana sayar da laima da safar hannu da cajar waya, yana kuma yanka makullai a wani lungu. Shi kaɗai ne a layin yake amsa gaisuwar Baba Tsoho yadda ya kamata, har da tambayar mutanen gida. Na riƙe hannun tsohon muka sauka. Alhaji ya ji labari, ya kalli kunnena da aka manna wa filasta, ya ce da ɗan Faransancinsu, "Bon, ke ce ɓarauniyar? Lahiya lau, za a samu." Ya zazzage gwangwanin tarkacensa a kan tebur. Baba Tsoho ya rufe ido ma gaba ɗaya, yana ɗaukar ƙarfe ɗaya bayan ɗaya da hannun dama, ƙusar asali tana hagu, yana murzawa. Wayar laima ta yi laushi. Allurar ɗinkin buhu ta yi kauri. Can sai ya tsaya a kan wata doguwar waya, ya ce, "Wannan ta ƙafar keke ce." Alhaji ya ce haka ne, ta wani mai kai abinci ce da ya gyara tayarsa a ƙofar shagon. Baba Tsoho ya yi murmushi ya ce ya shekara talatin a kan keke, ko a mafarki ya san ta.

A nan kan teburin yanka makulli ya yi aikin. Ya datse wayar daidai tsawon ta asali, ta wajen da take da kai. Wuyanta a lanƙwashe yake, sai ya ɗora ta a kan ƙarfen tebur ya yi ta ɗan bubbugawa har ta miƙe. Ya karɓi magagari, wato abin goge ƙarfe, ya shiga ci mata jiki kaɗan kaɗan, yana juyawa, yana tsayawa ya gwada da 'yar'uwarta, wani lokaci har ya kai ta leɓe ya ji ko akwai kaifi. Hannun da aka ce ya tafi ko rawa bai yi ba. Masu sayen kaya suna shigowa suna fita, Alhaji yana sallamarsu da ido ɗaya, ɗayan yana kan tsohon. Da aka gama ya ce, "Baba, da na san haka kake, da tuni na ba ka kujera a nan."

Da muka hau sama ya tambaye ni ramin da na ciro wadda ta rage, domin kowace ƙusa da raminta, ta saba da shi. Na nuna. Ya goga wa duka biyun kakin kyandir, ya daidaita bakin zugazugin da katako, ya tura su da babban yatsa, suka shige sumul. Sannan ya ce in kawo kunnena mai lafiya in bi gefen da shi. Ya matsa zugazugin ba tare da ya taɓa maɓalli ko ɗaya ba, ni kuma ina bi a hankali daga sama har ƙasa, ina sauraro. Ya ce, "Me kika ji?" Na ce ban ji komai ba. Ya ce, "Madalla. Kauce."

Ranar Kirsimeti ɗakin ƙasan nan ya cika har da mutanen Gana da suka ji labari suka leƙo. Ƙamshin shinkafa da soyayyen nama yana tasowa daga kulolin da aka jera a baya, rigunan sanyi sun yi tsibi a kan benci guda. Baba Tsoho ya tashi tsaye, ya ƙi kujerar da aka kawo masa. Da ya ja zugazugin ya buɗe shi iyakar hannunsa, sautin ya cika ɗakin har cikin ƙirji. Wata tsohuwa daga zumuntar mata ta rangaɗa guɗa, sauran suka ɗauka. Mama tana waƙa tana share ido da bakin gyale. Ni kuwa ina benci na biyu da filasta a kunne, farin ciki kamar ya kashe ni.

Da aka tashi fasto ya riƙe hannunsa da hannu biyu ya ce, "Baba, Ista fa?" Tsohon ya ce, "Ista ai ba nisa." A bas muna komawa ya taɓa gwiwar Baba ya ce, "Maganar tikitin nan, a dakata tukuna."

Haka ya yi ta ɗage tafiyar, daga Kirsimeti zuwa Ista, daga Ista zuwa bikin godiya na kaka, har shekara bakwai. An yi masa ido na biyu. Ya sami kujerarsa a shagon Alhaji, yana goge makullai suna musu a kan ko Hausar wa ta fi. Ya ga na gama sakandare, kuma bai fasa tona mini asiri a gaban kowane baƙo ba. A gadonsa ya cika, a ɗakin nan na hawa na biyar, Mama tana riƙe da hannunsa.

Yanzu majami'armu ta bar ɗakin ƙasa, muna da wurinmu, da kayan kiɗa na lantarki, yara suna waƙa da Turanci suna haɗawa da Hausar da ta karkace. Ba na ƙorafi, suna yi da zuciya ɗaya, kuma benci ya fi shida nesa ba kusa ba. Alhaji ya koma Nijar, shagon ya zama wurin gyaran waya. Mama ta yi furfura, in ana hirar mahaifinta takan ce Allah ya yi mata gata da ya bar mata shi a kusa har ƙarshe, ni kuma in ce amin in sunkuyar da kai. Domin ni na san yadda abin ya kusa kuɓucewa. Ya riga ya ninke rigunansa a ranar nan. Da tsoron dukan Mama ya ƙara riƙe bakina kwana biyu kacal, da shekara bakwai ɗin nan ba mu same su ba.